Ƙaramin Babur Da Sabon Hannu: Abin Da Ake Faɗa, Da Abin Da Yake Gaskiya

Saurayin da ya tara kuɗin kaka ya sayi babur a Tambuwal ko Kebbe, kafin ya kai shi gida ya sha karatu a bakin mutum goma: bakanike, ɗan kabu-kabu, mai faci, da abokin da ya riga shi koyo. Baburan da ake maganarsu su ne waɗanda suka cika hanyoyinmu, Boxer na kamfanin Bajaj da TVS daga Indiya, da Jincheng da Haojue daga Sin, masu injin cc 100 zuwa 150 da ke fili babu rufin roba. Wasu shawarwarin gaskiya ne. Wasu kuwa su ke kai yara wurin mai ɗori.

An ce ƙaramin babur ya fi dacewa da mai koyo. Wannan haka yake. Nauyinsa bai cika wuce kilo 130 ba, ƙafa tana kai ƙasa, idan ya faɗi mutum ɗaya zai ɗaga shi, kuma kayan gyaransa na nan daga Dogon Daji har Kuchi. Amma ƙarshen da ake liƙa wa maganar, wai ƙaramin inji ba ya kisa, ƙarya ne. Babur mai cc 100 yana kai gudun kilomita 80 a awa, kuma a kan titin Sakkwato zuwa Jega tirela ce abokiyar tafiyarsa.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce ta birkin gaba. "Kada ka taɓa shi, zai wuntsula da kai," haka ake gaya wa sabon hannu, har za ka ga babur an kwance masa wayar birkin hannu, hannun yana reto. Ga yadda abin yake: idan aka kama birki, nauyin babur da na mahayi yana komawa kan tayar gaba, don haka ita ce ke danne ƙasa sosai, kuma a kan kwalta ita ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa. Tayar baya kuwa nauyi ya bar ta, shi ya sa da an taka birkin ƙafa da ƙarfi sai ta yi ta jan ƙasa tana shan gefe, babur bai tsaya ba. Inda masu maganar suke da 'yar gaskiya shi ne a cikin rairayi, ko tsakuwa, ko laka irin ta hanyoyin fadamar Kebbe da damina: idan aka fizgi birkin gaba kan babur na karkace, tayar za ta kulle a sha ƙasa. Maganin wannan shi ne a koyi matsa shi sannu a hankali tare da na baya, a fili inda babu mutane, tun kafin ranar da akuya za ta faɗo titi.

Zuba baƙin mai a tankin fetur wai don inji ya yi laushi, gado ne daga tsofaffin babura masu hayaƙi irin su Suzuki AX100, waɗanda injinsu ke ƙona mai tare da fetur. Boxer da ire-irensa suna da wurin baƙin mai daban. Garwaya shi da fetur sai dai ya toshe fulogi. Abin da yake gaskiya shi ne sabon babur yana son a bi shi a hankali, a juye man farko bayan kamar kilomita 500, kuma a riƙa duba matatar iska da hunturu saboda ƙura. Cire madubi ba ya ƙara gudu. Kashe inji a gangara don tattalin fetur, wanda ya yi yawa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ɗan abin da yake ragewa bai kai hatsarin rasa riƙon giya ba.

Sai hular kwano. Tun da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sanya ta ranar 1 ga Janairun 2009 ake yaɗa cewa ana yin asiri da ita, ko kuma tafiyar kusa ba ta buƙatarta. Babu wanda ya taɓa kawo hujjar asirin. Zafi dai akwai shi, musamman da bazara, ba na musu. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa hula mai inganci, ɗaure da igiyarta a haɓa, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na raunin kai kuma da kusan kashi 70. Karaya ana ɗora ta. Wanda ya bugu a kai kuwa sai an nufi asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100 daga Tambuwal, daga Kebbe ma ta fi haka.

Batun doka ma ya cakuɗe a bakin mutane. Gwamnatin tarayya ba ta haramta babur a ƙasa baki ɗaya ba. A watan Yulin 2022 ta ce tana duba yiwuwar hakan ne, kuma ba a zartar ba. Abin da ya faru a Sakkwato shi ne dokar tsaro da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu a Satumbar 2021, wadda ta hana goyon mutum uku da sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Lasin kuwa wajibi ne ko a ƙauye, rukunin A, kuma sai an cika shekara 18.

Iyaye da yayye masu saya wa yara babur, ku haɗa da hula a cinikin tun a shago, kuma kada ku miƙa makulli sai kun ga yaron ya tsayar da babur da birki biyu a gabanku.