Keken Lantarki a Mararraba: Yadda Fasaha ke Hana Manyan Motoci Take Mahaya

Keken lantarki ba shi da ƙara, kuma ya fi keken gargajiya gudu. Waɗannan abubuwa biyu ne ke jan hankalin matasa gare shi, su ne kuma ke jefa mahayinsa cikin haɗari a mararraba.

A Tarayyar Turai, doka ta ce injin irin wannan keke kada ya wuce wat 250, kuma ya daina taimaka wa mahayi da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Ko a wannan gudun, keke na cin kusan mita 7 a daƙiƙa ɗaya. Nisan da birki ke buƙata kuwa ya kusa ninki uku na mai tafiya a kilomita 15. Direban da ya hango keke daga nesa yakan ɗauka yana da lokacin shan kwana, alhali babu.

Babban tarkon shi ne gefen babbar mota. Direban tirela yana zaune can sama, akwai wuraren da ko madubi ba ya nuna masa. Idan ya karya kwana, tayoyin baya sukan yanko ciki, su matse duk wanda ke gefen.

Birnin Landan ya tunkari matsalar da tsarin Direct Vision Standard, wanda aka fara tilastawa a Maris 2021. Ana ba motocin da suka haura tan 12 maki daga sifili zuwa tauraro biyar, gwargwadon abin da direba ke iya gani ta gilashi. Daga Oktoba 2024, wadda ba ta kai tauraro uku ba sai an sa mata kyamara, da na'urar gano mai keke, da lasifikar da ke gargaɗi kafin kwana. A Holand kuma hanyar suka gyara: ana gina ɗan tudu a kusurwar mararraba domin mota ta rage gudu, direba ya ga mai keke a gabansa.

A Landan hagu ake bi. A Najeriya da Nijar dama ake bi, don haka kwanar dama ce abin tsoro. Kada ka kutsa tsakanin babbar mota da bakin titi, ko da danja ta tsayar da ita. Tsaya a bayanta. Rage gudu tun kafin mararraba, cire abin sauraro daga kunne, kunna fitila, sa hular kwano. In ba ka ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.