Taron mawaƙa ba dandalin hira ba ne, amma a bar wa hira gurbinta

Duk wanda ya taɓa zama taron mawaƙa da makaɗan Hausa a Duwala ya san ciwon da ke cinsa. Za a taru don a tsayar da kuɗin wasan biki, kafin a ankara an faɗa gardamar ƙwallo, daga nan sai siyasa, sai a ji an kira magariba. Wanda ya taso daga Yassa ya biya kuɗin mashin zuwa New Bell, ya sha cunkoson hanya, sai ya koma gida da labarin Eto'o kawai.

Ni malamin makaranta ne, ba na kiɗa. Wasu mawaƙan unguwa suka roƙe ni in riƙa rubuta musu abin da aka tsayar, don ina rubutu da Faransanci. A cikinsu akwai dattawa masu kalangu, da masu mandiri, da samarin situdiyo. Abin da na gani shi ne, surutun nan kuɗi yake ci musu.

Ga misali. Kamaru tana da dokar haƙƙin mallaka tun 19 ga Disamba 2000, wadda ke kare waƙa har shekara 50 bayan rasuwar mai ita. Hukumomin karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu sun yi ta sauyawa, daga CMC zuwa SOCAM, har aka kafa SONACAM a 2017. A Yulin 2020 kuma aka fitar da dokar ƙungiyoyin masu fasaha da al'adu. Duk wannan yana buƙatar a zauna a karanta, a fassara wa wanda bai yi boko ba. Manu Dibango, ɗan garin nan, ya fitar da Soul Makossa a 1972. Da Michael Jackson ya ɗauki wani yanki nata, ai bin haƙƙinsa ya yi har aka sasanta da shi. Namu mawaƙin kuwa ana ta juya waƙarsa a gidajen biki, shi ko sisi bai gani ba, kuma ranar da za a tattauna zancen sai ta tafi a musu.

Maganin bai yi nisa ba, yana gidan maƙwabta. Tarukan adashi na Bamileke da sauran ƙabilun birnin nan suna da jami'in da ake kira sansar, aikinsa tsawatarwa da cin tara. Suna kuma ajiye wani gurbi a ƙarshen ajanda, wanda suke kira dibar, inda kowa ke kawo abin da ke ransa. Wannan tsarin muka aro.

Ma'aunin da muke bi guda ne: maganar ta shafi waƙa, ko aljihun mawaƙi, ko mutuncinsa? In ta shafa, bismilla. Tsadar hayar lasifika tana ciki, haka sa'o'in da maƙwabta ke jure ƙarar kiɗa da dare. Sanarwar suna, ko rasuwa, ko jinya kuwa, da ita ake buɗe taro, a yi addu'a, don mu 'yan tsiraru ne a nan, zumunci ne jarinmu. Ƙwallo da tallan shadda su jira dibar.

Abu biyu ne ko a dibar ba a yarda da su ba. Na farko zagin ƙabila. Tun Disambar 2019 dokar ƙasa ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2, da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3, ga mai kalaman ƙiyayya ga wata ƙabila. Baki shi ke yanka wuya. Na biyu gardamar halacci ko haramcin kiɗa tsakanin masu mandiri da samarin situdiyo. Wannan fagen malamai ne, mai tambaya ya je gare su.

Wahalar tana wurin katse babba. Yaro ba zai ce wa mai furfura ya yi shiru ba. Shi ya sa muka ba dattijo muƙamin sansar, kuma ko shi da lallashi yake yi. Sai ka ji ya ce: "Alhaji, Allah ya ja kwana, wannan magana mai nauyi ce, a ajiye mana ita zuwa ƙarshe." Ni kuma in rubuta ta a gaban mai ita, ya ga ba watsar da ita aka yi ba. In lokaci ya yi, dole a kira shi ya ƙarasa. Ranar da aka saɓa wannan alkawari, ba wanda zai ƙara yarda a dakatar da shi.

Akwai masu ƙorafin cewa an mai da taro aji. Suna da hujja, don mawaƙi daga hira yake tsintar baiti, kuma taron da babu raha ba ya daɗewa. Amma tun da aka fara haka, ana tashi kafin la'asar ta yi sanyi, da farashin biki guda a rubuce, wanda ba mai karya shi a ɓoye. Hirar ma ta fi armashi, don ana yin ta ne da shayi a hannu, bayan an gama aiki.