Kada Mu Sallami Ma'aikaci Ran Wuya

Duk wanda ya san Sanyinna, cikin ƙasar Tambuwal, ya san yawancin mutanenta da noma suke ci. Amma ba kowa ne ke ci daga gonarsa ba. Akwai yaron da ke tsaye gaban injin niƙa tun safe, da mai gasa burodi, da direban motar haya, da malamar ƙaramar makaranta mai zaman kanta. Waɗannan duka hannun wani suke duba. Ran da maigida ya ce, "Babu aiki," ran nan tukunya ta sauka a gidajensu.

Haka ta faru a shekara ta 2020, sa'ad da cutar korona ta shigo Nijeriya. Cikin watan Maris aka rufe makarantu, suka yi wajen wata shida a rufe. Aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha. Iyaye ba su biya kuɗin makaranta ba, masu makarantu kuwa suka rasa abin da za su ba malamai. Tambayar da ta tsaya wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ita ce: in riƙe mutanena, ko in sallame su?

Dabarar da gwamnatoci suka yi

Gwamnatoci da yawa sun ga ya fi sauƙi a riƙe mutum cikin aikinsa, da a bar shi ya faɗi sa'an nan a nemi tashe shi. Saboda haka suka ce da masu kamfanoni, "Kada ku kori kowa, mu za mu ɗauki wani kashi na albashin." A Ingila, daga watan Maris 2020, gwamnati ta riƙa biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikacin da aka ce ya zauna gida, har zuwa fam 2,500 a wata. Shirin ya ƙare a watan Satumba 2021.

Gwamnatin Tarayya ta Nijeriya ma ta yi nata. Cikin babban shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya tsara, aka ware naira biliyan 75 domin ƙananan sana'o'i. Aka fara rubuta sunaye a watan Satumba 2020, makarantu masu zaman kansu ne kuwa aka fara buɗe wa ƙofa. Ga yadda abin yake: gwamnati za ta biya ma'aikata har goma na kowace sana'a, naira 30,000 zuwa 50,000 kowane mutum a wata, har wata uku. Nufin shi ne a kai ga ma'aikata 500,000. Kuɗin bai bi ta hannun maigida ba, cikin asusun bankin ma'aikacin aka zuba shi. Masu aikin hannu da masu sufuri kuwa aka shirya musu naira 30,000 sau ɗaya.

Mu yi lissafi. Makaranta mai malamai goma, kowanne naira 30,000 har wata uku, ya zama naira 900,000 ke nan. Gida goma suka ci tuwo, makaranta kuma ta buɗe da malamanta na dā.

Inda gizo ke saƙa

Amma akwai sharuɗɗa. Dole sana'ar ta zama tana da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni. Dole mai ita ya kasance da lambar banki ta BVN, ma'aikatansa kuma su kasance da asusu. Dole ya iya nuna sunayen mutanensa da abin da yake biyansu. Ta intanet kuma ake cika takardar neman.

To, mu dubi garuruwa irin su Sanyinna da Tambuwal da Kebbe. Yaya ake ɗaukar ma'aikaci? Da baki ake shiryawa. Da yamma a ƙirga masa nasa a tafin hannu. Ɗan ƙodagon da ya wuni yana dashen shinkafa ko cirar albasa a fadama, sunansa ba ya cikin littafin kowa. Wanda ba a rubuta ba kuwa, gwamnati ba ta ganinsa. Taimakon ya zo, amma ƙofarsa takarda ce. Ashe maigidan da ya ƙi ajiye littafi ba kansa kaɗai ya cuta ba, har da yaransa.

Abu na biyu, wata uku ba shekara ba ne. Shirin ya wuce, wuya kuwa ba ta wuce ba. A watan Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin tafiyar da inji da mota ya hau. A watan Yuli 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma ƙaramin mai sana'a daga aljihunsa yake biyan ma'aikatansa. Wanda ya dogara ga tukunyar gwamnati kaɗai, wata rana da yunwa zai kwana.

Me Maganar Allah ta koya mana?

Tun kafin a yi wata gwamnati ta zamani, Ubangiji ya riga ya tsaya wa ma'aikaci. Cikin Kubawar Shari'a sura 24 an umarci Isra'ilawa su biya matalaucin ɗan ƙodago hakkinsa a ranar, kafin faɗuwar rana, ko ɗan gari ne ko baƙo. Yaƙub sura 5 ta gargaɗi mawadata cewa kukan masu girbin da aka danne wa lada yana kaiwa kunnen Allah. Yusufu kuma, a ƙasar Masar, ya tara hatsi cikin shekara bakwai na ƙoshi domin shekara bakwai na yunwa. Bai jira yunwa ta zo ba tukuna.

Ya 'yan'uwa, kada mu ce wannan magana ta masu manyan kamfanoni ce. Uwargida mai yarinyar aiki maigida ce. Manomin da ya ɗauki mutum biyu ran shuka maigida ne. Ikkilisiya mai biyan mai bishara ko mai gadi, ita ma haka.

Abin da za mu yi

Da fari, mu sayi littafi. Mu rubuta sunan kowane ma'aikaci, da ranar da ya fara, da abin da muka biya shi, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Na biyu, mai sana'ar da ta ɗan kafu ya yi mata rajista, ya kuma taimaki yaransa su buɗe asusu. Matasanmu masu ilimi su cika wa dattawa takardu, ba tare da neman lada ba. Na uku, ran da kasuwa ta yi kyau mu ajiye wani abu gefe, ko da albashin wata ɗaya ne. Na huɗu, in wuya ta zo, mu zauna da ma'aikaci mu gaya masa gaskiya. Gara a rage kwanakin aiki a raba kaɗan ɗin, da a kori mai iyali ba shiri. In kuwa wani taimako ya sake zuwa, kada mu cusa sunan ɗanmu ko ƙanenmu a wurin wanda ya yi aikin. Wannan sata ce, ko da an kira ta dabara.

Maƙwabtanmu ba duka za su shiga majami'a su ji wa'azinmu ba, amma yaron da muka riƙe ran wuya zai ba da labarinmu a gidansu. A wurin addu'ar iyali ta yau, bari kowane gida ya ambaci sunayen waɗanda ke ci ta hannunsa, ya roƙi Ubangiji ya ba mu zuciyar riƙon amana. Amin.