Shokazoban gaba: Gyaran da masu babur tsakanin Keffi da Abuja ke yi wa riƙon sakainar kashi

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke zaune a Keffi suka shiga sabon lissafi. Tsakanin garin da Abuja tafiyar kimanin kilomita 50 ce, zuwa da dawowa kusan 100. Wasu daga cikin mazauna Liman Abaji da sauran mazaɓun Keffi sun jingine mota sun koma babur, wanda a da cefane da kai yara makaranta kawai yake yi.

Babur ɗin da ke wannan doguwar tafiya kullum yana buƙatar kulawa ta daban. Mai shi yakan kula da inji da taya da sarƙa, amma ya manta da shokazoban gaba har sai mai ya fara tsiyaya. Alhali su ne ke riƙe da tayar gaba a kan kwalta, kuma birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Idan tayar tana tsalle, birki ba shi da abin kamawa.

A cikin kowace ƙafar gaba akwai sifirin da kuma mai. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, mai kuwa shi ne ke hana babur yin ta lilo bayan ya faɗa rami. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da wannan tsari a babur ɗinsa samfurin R12 a 1935. A ƙananan babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng, da ma manyan babura na doguwar tafiya masu sauƙin kuɗi, man yana bi ne ta wasu ƙananan huji da ke jikin wata sanda a ƙasan ƙafar. Girman hujin ba ya canzawa, kuma nan ne matsalar take. Idan saurin nutsewar ƙafar ya ninka biyu, turjiyar man takan ninka kusan huɗu. Shi ya sa gaban babur yake nutsewa da yawa idan an taka birki, amma ya ƙage ya daki hannun mahayi idan ya ci karo da bakin rami ko tudun rage gudu.

Dabarar da aka saba yi a gareji ita ce a zuba baƙin man inji mai kauri, wani lokaci ma wanda aka juye, ko a cusa guntun bututu a kan sifirin. Mahayi zai ji gaban ya yi tauri, ya ɗauka an gyara. Sai dai mai mai kauri yana hana ƙafar dawowa da wuri, don haka a gargada takan yi ta nutsewa har ta ƙure. Man da aka juye kuwa cike yake da dattin ƙarfe mai cinye sil. Da zarar sil ya huje, man yakan gangara zuwa birki da taya.

Gyaran kirki yana bin tsari. Da farko a duba sandunan nan masu sheƙi: idan sun lanƙwashe ko tsatsa ta ci su, sabon sil ba zai daɗe ba. A sauya sil da robar da ke kare shi daga ƙurar hunturu. A wanke ciki, a zuba man shokazoba na ainihi, wanda ake rubuta wa 10W ko 15W, gwargwadon abin da littafin babur ɗin ya ce. A auna man daidai wa daida a ƙafafun biyu, domin iskar da ta rage a sama ita ma tana aiki kamar sifirin. Sannan mahayi ya hau da kayan da ya saba ɗauka: abin da ake so shi ne gaban ya sauka kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na iyakar nutsewarsa. Idan ya wuce haka, sifirin ya gaji ko ya yi wa nauyin kaɗan.

Masu manyan babura da ke zuwa Lafiya ko Makurdi ko Jos suna da wani mataki na gaba. Kamfanin Race Tech na Amurka yana ƙera wani ɗan bawul mai suna Gold Valve, wanda ake ɗorawa a kan sandar, ƙarƙashin sifirin, bayan an faɗaɗa hujin. Bawul ɗin yana riƙe mai idan an taka birki, ya buɗe idan taya ta daki rami. Aiki ne na bakaniken da ya san awo, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin babur.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Mai babur ya riƙe birkin gaba, ya danna kan babur da ƙarfi, ya saki. Lafiyayyen shokazoba zai dawo sau ɗaya ya tsaya. Idan ya yi ta lilo, ko ya yi ƙara, ko yatsa ya shafo mai a jikin sanda, to a kai shi gareji kafin a sake shiga cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya, inda motar gaba kan tsaya ba zato ba tsammani. Kuɗin sil da man shokazoba bai kai na kwana guda a gadon asibiti ba.