Kwanakin Farko Bayan Barin Tabar Wiwi: Abin da Ke Faruwa a Jiki da Hanyoyin Jurewa

Gabatarwa

A ɗauki misalin wani ɗalibi a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya shafe shekara uku yana busa tabar wiwi safe da yamma. Da jarrabawa ta ƙarato sai ya yi alkawarin dainawa. Ranar farko ta wuce lafiya. A rana ta uku barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita daga ransa, magana kaɗan sai faɗa da abokan ɗaki. Nan take ya yanke hukuncin cewa shi ba zai iya rayuwa ba sai da ita, ya koma gidan jiya. Abin da bai sani ba shi ne, ya juya baya ne a daidai lokacin da wahalar ta kai ƙololuwarta, tana dab da fara sauka. Wannan wahala tana da dalili a kimiyyance, tana kuma da ajali sananne.

Girman Matsalar

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da aka bincika. Daga cikinsu, kimanin miliyan 10.6 wiwi suka sha. An daɗe ana ɗauka cewa barin wiwi ba ya haddasa wani ciwo, sai a 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundinta a matsayin larura mai zaman kanta. Wani nazari na 2020 da ya tattara bayanan mutane fiye da 23,000 ya gano cewa kusan kashi 47 cikin 100 na masu shan ta a kai a kai suna fuskantar wannan larura idan sun daina ko sun rage.

Me Ke Faruwa a Cikin Ƙwaƙwalwa?

Sinadarin da ke sa maye a cikin wiwi shi ne THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tace a 1964. A 1988 masana suka gano cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da wasu ƙananan ƙofofi da wannan sinadari ke buɗewa, tamkar kwaɗo da mabuɗinsa. A 1992 kuma aka gano cewa jiki da kansa yana ƙera irin nasa mabuɗin, wanda aka raɗa wa suna anandamayid. Da shi da ire-irensa jiki ke daidaita barci, da jin yunwa, da natsuwar zuciya.

Idan mutum yana ɗura wa ƙwaƙwalwarsa THC kullum, sai ta kare kanta ta hanyar rage yawan waɗannan ƙofofi. Wannan ne ya sa naɗi ɗaya da ke isar mashayi a da, daga baya sai ya sha uku. To, ranar da aka yanke tabar, sai a bar jiki da 'yan ƙofofi kaɗan, sinadarin da yake ƙerawa bai isa ya riƙe ragamar barci da yunwa da natsuwa ba. Hotunan ƙwaƙwalwar mashaya da aka wallafa a 2012 sun nuna cewa ƙofofin suna komawa kusan yadda suke a cikin mako huɗu da dainawa. Wato wahalar da ake sha alama ce ta gyara da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta.

Alamomi da Lokutansu

Likitoci sun lissafa alamomi bakwai: saurin fushi, fargaba, rashin barci ko munanan mafarkai, rashin son abinci da rama, kasa zama wuri ɗaya, baƙin ciki, sai kuma ciwon jiki irin su ciwon kai, ciwon ciki, gumi, zazzaɓi ko karkarwa. Idan uku daga ciki suka bayyana a makon farko na dainawa, to larurar ce.

Galibi alamomin kan fara bayan kwana ɗaya zuwa uku, su tsananta tsakanin kwana na biyu da na shida, sannan yawancinsu su lafa cikin mako biyu zuwa uku. Matsalar barci da mafarkai ce kan daɗe, wani lokaci har fiye da wata guda. Saɓanin barin giya ga wanda ya yi nisa a cikinta, wanda kan jawo farfaɗiya har da mutuwa, barin wiwi ba ya kisa. Babban haɗarinsa shi ne komawa ruwa.

Hanyoyin Jurewa

Na farko, zaɓen lokaci. Kuskuren ɗalibin da aka ambata shi ne dainawa ana saura kwanaki a shiga jarrabawa. Ya fi dacewa a fara a lokacin hutu, a kuma rubuta kwanakin a takarda ana sokewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda shansa ya yi yawa yana iya ragewa sannu a hankali, amma ya tsai da ranar yankewa gaba ɗaya.

Na biyu, kula da barci. A riƙa kwanciya da tashi a lokaci guda kullum, ko da an kwana ido biyu. A guji barcin rana mai tsawo. A bar shan shayi da kofi da cin goro daga La'asar, domin dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafin mai kore barci.

Na uku, abinci da motsa jiki. Ko babu sha'awar tuwo, a riƙa shan koko, ko kunu, ko fura da nono kaɗan-kaɗan, tare da ruwa mai yawa. Tafiya a ƙasa da yamma, alal misali daga Kongo zuwa Ƙofar Doka a dawo, tana rage fushi, tana kuma gajiyar da jiki ya nemi barci.

Na huɗu, sanin abubuwan da ke tayar da sha'awa. Masu iya magana kan ce sabo turken wawa. Majalisar da aka saba zama, da abokan busa, da lungun da aka saba saye, duk suna farkar da ƙishirwar tabar. Ita kuwa wannan ƙishirwa takan taso ne ta lafa da kanta, sau da yawa kafin rabin sa'a. Wanda ya tashi ya yi wanka, ko ya nufi masallaci, ko ya kira wani amini, yakan tarar ta wuce. Wanda ke haɗa wiwi da taba sigari kuma ya san cewa yaƙi biyu ke gabansa, domin sinadarin nikotin yana da tasa wahalar.

Na biyar, a guji musanya. Neman barci da kodin, ko tiramadol, ko ƙwayoyin barci na kemis, gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin kamun waɗannan ya fi tsanani. Har yanzu babu wani magani da aka amince da shi musamman don wannan larura. Abin da bincike ya tabbatar da amfaninsa shi ne zama da ƙwararren mai ba da shawara.

Rawar da Iyali Za Su Taka

Iyaye da yawa a cikin birnin Zazzau da wajensa kan ɗauki fushin yaro da surutan mafarkinsa a matsayin rashin kunya ko shafar aljanu, su kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Duka da ɗauri ba su mayar da ƙofa ko ɗaya a ƙwaƙwalwa. Abin da mai dainawa ke bukata shi ne haƙuri da shi na 'yan makonni, da abinci, da wanda zai saurare shi.

Sai dai akwai alamomin da ba a jira da su: tunanin kashe kai, jin muryoyin da babu su, zargin mutane suna ƙulla masa sharri, ko baƙin cikin da ya wuce wata guda bai sassauta ba. Waɗannan sai a garzaya sashen likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Kammalawa

Wanda ya daina ya sake komawa bai rasa komai daga abin da ya koya ba, kuma mutane da yawa sai bayan gwaji biyu ko uku suke rabuwa da ita. Da ɗalibin nan na Kongo zai sake gwadawa a lokacin hutu, yana sane da cewa kwana na uku zuwa na shida su ne mafi wuya, da takardar ƙirgen kwanaki a aljihunsa da wani ɗan'uwa a kusa da shi, to yana da kyakkyawar damar kai wa mako na huɗu, lokacin da ƙwaƙwalwarsa za ta kusa kammala gyaranta.