Sandar Share Bindiga: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Duba Kafin Ya Saro

Da zarar damina ta ɗauke aka fara ƙona daji, maharba kan ciro bindigoginsu daga inda suka jingine su tsawon watanni. A arewacin Kamaru, inda aka keɓe yankunan farauta a kewayen gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njidda, wannan ne lokacin da masu shaguna a Garwa da kasuwannin bakin iyaka ke ganin masu neman man bindiga da buroshi da sandar share bututu. Sandar nan ƙaramar haja ce mai araha, amma idan ɗan kasuwa ya saro wadda ba ta dace ba, ko dai kuɗinsa ya kwanta, ko kuma ya sayar wa mutum abin da zai ɓata masa bindiga.

Me ya sa maharbi ke buƙatar ta a daji?

Bututun bindiga ba ya son komai a cikinsa. Idan maharbi ya yi tuntuɓe bakin bindiga ya caki laka ko yashi, ko kuma zanzaro ya gina ɗakinsa a ciki lokacin da take jingine, harba ta a haka na iya kumbura bututun ko ya fasa shi, kuma hannun da ke riƙe da ita da fuskar da ke kusa su ne za su fara ji. Ba a fitar da toshiya da harsashi. Sai an cire harsashin, an tura sanda.

Irin wannan matsala ce ta haifi kamfanin Otis na Amurka a shekarar 1985, bayan da wata matashiya mai suna Doreen Garrett ta faɗa cikin laka tana farauta, bindigarta ta toshe, farautar ranar ta tashi. Abin da ta koya shi ne, sandar da aka bari a gida ba ta da amfani a daji. Shi ya sa maharba ke neman mai gaɓoɓi, wadda ake kwancewa gida uku zuwa biyar a jefa a jaka.

Tambayoyi uku kafin ciniki

Ta farko ita ce faɗin bututu. Bindigogin kalibar 12 irin su Simplex da Robust na kamfanin Manufrance na Faransa, da Baikal ta Rasha, faɗin bututunsu kusan milimita 18.5 ne, na kalibar 16 kuwa kusan 16.8. Karabin, wato mai fitar da harsashi guda, tata ta fi ƙunci: .22 kusan milimita 5.6, .30 milimita 7.62, sai .375 ta manyan namun daji milimita 9.5. Sandar kalibar 12 ba za ta shiga karabin ba. Siririyar sandar .22 kuwa za ta shiga babbar karabin, amma idan aka danna ta da ƙarfi sai ta lanƙwashe ta riƙa gogar bangon bututun.

Ta biyu ita ce tsawo. Bututun kalibar 12 yakan kai santimita 71 zuwa 76, na karabin kuwa 56 zuwa 66. To sai dai karabin daga baya ake share ta, ta wajen da ake sa harsashi, don haka sandar sai ta ratsa gidan harsashi kafin ta kai bututu. Karabin mai bututun santimita 60 tana son sandar da ta kai santimita 90 zuwa mita guda. Ɗan kasuwa ya haɗa gaɓoɓin gaba ɗaya ya auna da tef, kada ya dogara da hoton jikin kwali.

Ta uku, wadda ta fi kwantar wa mutane da kuɗi, ita ce zaren da ke bakin sandar, irin wanda ke jikin noti, inda ake murɗa buroshi. Kayan Amurka na karabin galibi zarensu 8-32 ne, na kalibar 12 kuwa 5/16-27. Kayan Turai da yawa suna bin ma'aunin milimita, irin su M4 da M5, sannan Parker-Hale ta Ingila tana da nata daban. Wanda ya saro sanda daga wannan dila, buroshi daga wancan, yana iya tarar da ba sa auren juna. Maganin shi ne a murɗa a gani tun a wurin sari, ko a nemi ɗan ƙarfen da ke haɗa zare biyu a ajiye a shago.

Wane ƙarfe ya fi?

Alminiyam ta fi araha da rashin nauyi, kuma ta wadatar ga kalibar 12 tunda bututunta faffaɗa ne kuma sumul. A karabin kam tana da illa: taushinta na sa ƙurar hunturu da tsakuwar yashi su nutse a jikinta, ta koma kamar sanfefa. Tagulla ta fi ƙarfen bututu taushi, ba ta karce shi, ga ta da ƙarfin ture laka, sai dai nauyi. Baƙin ƙarfe tsirara shi ya fi haɗari, musamman idan mahaɗar gaɓoɓinsa ba ta zauna daidai ba. Wanda aka yi wa rigar roba ya fi aminci, muddin rigar ba ta yage ba.

Gwajin ba shi da wuya. A haɗa sandar a mirgina ta kan tebur. Idan tana tsalle, ba miƙaƙƙiya ba ce. A bi mahaɗa da farce. Idan ya maƙale, to za ta karce bututu. Sannan a duba mariƙi. A cikin bututun karabin akwai layuka da aka sassaƙa a murɗe, su ke juya harsashi ya tafi saiti, don haka dole mariƙin ya zama mai juyawa domin buroshi ya bi layukan. Idan ba ya juyawa, buroshin kan kwance kansa a tsakiyar bututu, ya bar maharbi da sabon aiki.

Igiya ba ta maye gurbin sanda

Akwai igiyar sharewa irin BoreSnake ta kamfanin Hoppe's, wadda ake zurawa a ja, tana shiga aljihu. Tana kwashe ƙura da toka da sauri, amma ja take yi, ba ta turawa, saboda haka ba ta da dabara idan bututu ya toshe. Mai shago ya faɗa wa abokin cinikinsa gaskiya: igiya ta sharar yamma ce, sanda mai gaɓoɓi ta ranar tsautsayi ce, ita kuwa doguwa marar gaɓa ta fi kyau ga wankin gida da filin gwajin harbi, inda ake yawan sharewa.

Masu bindigar gargajiya ta ɗuri suna da sandarsu a jikin bindiga. Abin da ya kamata a tuna musu shi ne tokar albarushi tana jawo laima, sai an wanke bututun da ruwan zafi a ranar da aka harba, a busar, a shafa mai.

Batun hukuma

Duk hajar da ta shafi bindiga tana jawo tambaya a shingen duwan da na jandarmomi. Kamaru tana da dokar makamai ta shekarar 2016, Nijeriya kuma tana da tata ta 1959, kuma dukkansu sun wajabta wa mai bindiga takardar izini. Ɗan kasuwa ya tambayi ofishin duwan kafin ya yi oda, ya riƙe rasiɗinsa, ya bayyana kayan da sunansu, ya kuma sayar wa maharban da ya san suna da takarda. Ribar sanda guda ba ta kai ta kwana a bariki ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.