Abincin Oganik: Matsayinsa ga Lafiyar Jiki da Dalilan Tsadarsa

1.0 Gabatarwa

A manyan kantuna na biranen duniya akan tarar da tumatir iri ɗaya a kwanduna biyu, amma farashinsu ya bambanta. Wanda ya fi tsada yana ɗauke da tambarin da ke nuna cewa na oganik ne. Masu saye da dama sun ɗauka cewa wannan tambari shaida ce ta ƙarin lafiya. A wannan darasi za a bayyana ma'anar abincin oganik da asalinsa, da abin da binciken masana ya gano game da shi, sannan a auna shi da halin da manomi da magidanci suke ciki a ƙasar Hausa.

2.0 Ma'ana da Asali

Abincin oganik shi ne wanda aka noma ba tare da takin zamani ko maganin ƙwari da na ciyawa da aka sarrafa a masana'anta ba. Manomin yakan dogara ne da takin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye da sauya amfanin gona daga damina zuwa damina. A wajen kiwo kuwa, ba a ɗura wa dabba magungunan ƙara girma. Duk da haka, dokokin wannan noma sun yarda da wasu magungunan feshi da aka samo daga tsirrai ko ma'adinai. Saboda haka kalmar tana bayanin hanyar noma ce, ba ta faɗin abin da ke cikin abincin.

Wannan ra'ayi ya taso ne a matsayin martani ga yaɗuwar takin zamani. Wani masanin noma Bature, Albert Howard, ya lura da yadda manoman Indiya suke haɗa taki, ya kuma wallafa littafi a kan haka a 1940. A 1962 Rachel Carson ta Amurka ta fito da illar magungunan ƙwari irin su DDT ga tsuntsaye da muhalli. A 2002 Amurka ta fara aiki da doka ta ƙasa a kan tambarin, wadda ta ce sai gona ta shekara uku ba a zuba mata haramtaccen sinadari ba kafin a kira amfaninta oganik.

3.0 Abin da Bincike ya Gano

Ta fuskar sinadaran gina jiki, bambancin bai taka kara ya karya ba. A 2012 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara nazarce-nazarce 237, ba su sami ƙwaƙƙwarar hujjar da ke nuna cewa abincin oganik ya fi gina jiki ba. A 2014 wasu masanan a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun duba nazarce-nazarce 343, suka sami ƙarin wasu sinadarai masu kare ƙwayoyin jiki a cikin amfanin oganik, da ƙarancin gubar kadmiyam. Sai dai ba a tabbatar cewa wannan ƙari yana sauya lafiyar mai ci ba.

Inda bambanci ya fito fili shi ne ɓurɓushin maganin ƙwari. Nazarin Stanford ya same shi a kashi 7 cikin 100 na amfanin oganik, da kashi 38 cikin 100 na sauran amfanin, ko da yake mafi yawansa bai wuce iyakar da hukumomi suka gindaya ba.

Game da cututtuka kuwa, sakamakon ya saɓa wa juna. Wani nazari na Faransa a 2018, wanda ya bi mutane kusan 69,000, ya nuna ƙarancin cutar kansa ga masu yawan cin oganik. Wani na Birtaniya a 2014, a kan mata fiye da 600,000, bai ga raguwar kansa gaba ɗaya ba. Abin lura shi ne, masu sayen oganik galibi mawadata ne masu kula da cimarsu, don haka da wuya a ware tasirin abincin shi kaɗai.

Haka kuma tambarin ba ya hana ƙwayoyin cuta. A 2011 annobar gudawa mai jini ta kashe mutane kimanin 50, yawancinsu a Jamus, aka kuma gano tushenta a tsiron hulba na wata gonar oganik.

4.0 Dalilan Tsada

Dalili na farko shi ne ƙarancin yabanya. Nazarce-nazarce sun nuna cewa gonar oganik takan gaza takwararta da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Na biyu, cire ciyawa da hannu da dakon taki suna cin kuɗin ƙwadago. Na uku, manomi ne yake biyan masu duba gona da ba da takardar shaida. Ke nan wani ɓangare na kuɗin da mai saye yake biya na takarda ne da sufuri. Akwai kuma amfanin da ba a cikin akushi yake ba, wato kiyaye ƙasar noma da ƙudan zuma da lafiyar mai feshi.

5.0 Dangantakarsa da Ƙasar Hausa

Da yawa daga dabarun noman oganik ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Tun kaka da kakanni ana kai takin gida gona a kan jakuna, ana ba Fulani masauki a gona bayan girbi don kashin shanu, ana haɗa gero da wake, ana barin gawo a tsakiyar gona saboda yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Takardar shaida ce kawai babu.

Babban haɗarin da ke fuskantar magidanci a nan ya fi shafar ajiya da ban ruwa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin fiya-fiya da ake zuba masa don kashe ƙwari. Irin wannan waken ne ake dafawa a gidaje. Akwai kuma gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, wadda ke lalata hanta, ko da kuwa ba a taɓa yi wa gonar feshi ba. Ga kuma latas da kabejin da ake shayarwa da gurɓataccen ruwan magudanun birni.

Maganin waɗannan bai kai tsadar kayan kanti ba. Buhun ajiya mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska. Busar da gyaɗa da kyau, da tsince ruɓaɓɓiya, da jinkirta girbi bayan feshi, da wanke ganye da ruwa mai tsabta, duk suna rage haɗari ƙwarai.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa abincin oganik yana da ƙarancin ɓurɓushin magani, amma fifikonsa wajen gina jiki kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kullum. Iyalin da tsada za ta sa su rage wannan adadi sun yi asara. Wanda yake da hali yana iya saye, musamman don kiyaye muhalli. Malamin makaranta yana da damar koya wa ɗalibai wannan a aikace, ta hanyar lambun makaranta inda za a shuka zogale da alayyafo da takin gida.

Jinga

1. Kawo dalilai uku da suke sa abincin oganik tsada.
2. Bayyana dabarun noman Hausawa guda huɗu da suka yi daidai da noman oganik.